Ƙyamaren da Shuimu Ya Zana wa Uwar Teku

Ƙanena Hong Shuimu mai zane ne, shekara uku na ba shi. Ni na goya shi lokacin da uwarmu take fita ɓarar kawa, wani irin dodon koɗi na ruwa, a bakin teku. Da na yi aure ma ban yi nisa ba, layinmu ɗaya, ina jin tarinsa da safe. Na san ba ya cin citta, na san ƙafarsa ta hagu tana kumbura idan damina ta kama. Shekara talatin da ɗaya na yi ina auna magani a kantin gwamnati na garinmu, mutum yana shigowa daga tafiyarsa nake gane abin da ke damunsa. Duk da haka sai da na kai saba'in da ɗaya wani ya zo har gida ya gaya mini ko wane ne ƙanena. Har yau ban tabbata na gane ba.

Yana da shekara goma sha biyu babanmu ya kai shi wajen wani tsoho mai zanen ɗakunan bauta. A can ya koyi niƙa duwatsun launi, da dama jinin alade da farar ƙasa a shafe katako kafin a sa fenti, da yadda ake jan gemun jarumi gashi ɗai-ɗai da buroshin da bai fi tsinken tsintsiya kauri ba. Bai cika shekara huɗu a can ba aka shiga zamanin ƙona gumaka. Tsohon ya mutu, Shuimu ya koma rubuta taken gwamnati da jan fenti a jikin bango, da zana hoton shugaba mai tsayin mutum uku. Da zamanin ya wuce, mutane suka fara tono gumakan da suka binne a ƙarƙashin murhu, sai aka duba duk gaɓar tekun nan ba wanda ya rage da ya san aikin sai shi. Tun daga nan bai sake rasa abin yi ba. Ɗakunan bauta, idanun jiragen kamun kifi, akwatunan amare, gidajen takarda da ake ƙona wa mamata, duk shi ne.

Bai yi aure ba, kuma kullum muna da dalili. Da farko an ce babanmu ya taɓa mallakar jirgi biyu, sunanmu yana cikin baƙin littafin gwamnati na masu dukiya, ba mai ba mu 'ya. Da aka share wannan, aka ce talauci. Da ya samu, aka ce ya tsufa, ya saba da zaman kansa. Ni ban yarda ba. Hotunan mata goma sha ɗaya na kai masa daga wajen mai dalilin aure, har da wata bazawara mai keken ɗinki. Sai ya karɓi hoto ya kai bakin taga ya daɗe yana kallo, in ce yau kam an dace, sai ya ce, "Yaya, wanda ya ɗauki hoton nan bai san haske ba. Dubi yadda ya kashe mata kumatu."

"Kumatun za ka aura ko matar?"

"Bar mini shi in gyara mata."

Ya kuwa gyara. Mata uku sun sami miji da hotunan da ya gyara.

Aikinsa yana da abu biyu da kowa ya sani. Agwagin ruwa da ake zanawa a akwatin amarya, namiji mai ado da mace mai ruwan ƙasa, shi duka biyun yake yi wa ado, da tukku da jan baki da fiffike a miƙe. Tsofaffi sun yi ƙorafi da farko, ya ce macen ba ta fita a fenti, amare kuwa sun fi son nasa don ya fi haske. Na biyu, ba ya rubuta sunansa a aiki, sai dai ya ɓoye ɗan farin zomo a wani lungu, bayan gajimare ko ƙarƙashin ƙafar doki. A shekarar zomo aka haife shi, me za a tambaya?

Sai kuma Zhuang Tiansong, kafintan jirgi. Baƙi ne kakkaura mai ƙarar murya, girarsa ta hagu a tsage inda igiya ta taɓa zabga masa, ƙaramin yatsansa na dama gatari ya cire rabi. Yana da mata, Luan, da 'ya'ya huɗu. Kullum ƙarfe huɗu na yamma zai ajiye kayan aiki ya zo shagon Shuimu su sha shayi a 'yan ƙananan kofuna, shi yana surutu, ƙanena yana wanke buroshi. Kafin a sa abinci ya tafi gida. Garinmu kaf maza ne zaune bibbiyu suna shan shayi. Da Tiansong ya mutu, shekara biyar kafin abin da zan faɗa, Shuimu ne ya yi masa gidan takarda, da jirgi a ƙofar gidan, har da 'yar butar shayi a kan tebur. Ranar jana'iza ya tsaya can baya cikin maƙwabta, tunda wanda ba dangi ba ne ba ya sa fararen kayan makoki. Ya yi kwana tara ba ya cin abinci. Na duba harshensa na ce ciki ne, na haɗa masa magani.

Guguwar teku ce ta ɗauke ƙyamaren ɗakin bautar Mazu, Uwar Teku, ta yar da su a gonar dankalin wani. Kwamitin dattawa suka sa aka yanko sababbi na katako mai ƙamshi, kowanne ya kusa tsayin mutum biyu, suka ba Shuimu ya zana jarumai biyu masu gadin ƙofa, baƙi da fari, kamar yadda aka saba. A lokacin hannunsa ya fara rawa, idonsa na dama ya yi yana. Kowa ya san aikinsa na ƙarshe ke nan, shi ma ya sani. Wata bakwai ya yi a rumfar da ke gefen ɗakin bautar. A kwance ake zana ƙyaure, kowanne a kan nasa benci, saboda haka duk masu leƙe ɗaya-ɗaya suka gan su, suna ta yabo. Sai da aka kafa su, saura kwana huɗu a buɗe musu ido, sannan aka gan su tare.

Mai zane yana barin ƙwayar ido fara. Ranar biki Malam Pan, mai yi wa gumaka hidima, yake ɗiga jan garin dutse da jinin zankon zakara a kowane ido, sannan mai zane ya cike baƙin. Daga nan ba zane ba ne kuma, jaruman sun shiga ciki, ba mai sa musu wuƙar kankara har katakon ya ruɓe. Duk abin da za a gyara, kafin ranar ake gyara shi.

Washegari da hantsi ina shanya taliya a tsakar gida sai ga Weng Jinlai. Shi ne shugaban kwamiti, tsohon hedimasta, kuma ajinmu ɗaya a sakandare, a bayana yake zama yana kwafar lissafina.

"Bilian, kin ga ƙyamaren?"

"Na gani a rumfa. Sun yi kyau. Matsa, kana taka mini tabarma."

"A rufe nake nufi."

"Me zan yi da rufaffiyar ƙofa? Ni ɓarauniya ce?"

"Sa takalminki."

Da muka isa ya jira har matan da ke kunna turare suka fita, sannan ya ja ƙyamaren suka haɗu. Muka tsaya a waje muna ɗaga kai. Baƙin jarumin yana dama da bulalar ƙarfe, farin yana hagu da takobi, idanunsu duka a rufe da jar takarda.

"Dubi girar baƙin," in ji Jinlai.

Na duba. A tsage take.

"Dubi yatsansa."

"Tiansong ne. To sai me? Mai zane yana aron fuska. Fuskar uwarmu ma tana jikin bangon wani ɗakin bauta a kan tudu, tana riƙe da tulu."

"Farin fa?"

Manyan kunnuwa, da tawadar Allah ɗin nan a ƙarƙashin haɓa mai gashi uku. Ƙanena ne yana ɗan shekara talatin, an sa masa gemu da sulke.

"Abokai ne," na ce. "Ya tuna da abokinsa. Haramun ne?"

"Dubi tsakiya."

Hannun rigar farin jarumin, mai faɗi, kore da zaren zinariya, ya zarce gefen ƙyaurensa ya haye kan ɗayan, a can kuma baƙin ya danne shi da hannun nan mai guntun yatsa. Jinlai ya tura ƙofa ta buɗe, hannun rigar ya rabu biyu. Ya jawo ta, ya haɗu. Ya sake turawa.

"Daina wasa da ƙofar Uwa kamar ƙaramin yaro. Me kake nuna mini?"

"Ke fa kin yi makaranta. Sarkin nan na zamanin da, wanda abokin kwanansa ya yi barci a kan hannun rigarsa, aka kira shi fada, ya zare wuƙa ya yanke hannun rigar don kada ya tashe shi."

"Na tuna. Sarki mai tausayin baiwarsa."

"Namiji ne, Bilian. Wanda ya yi barcin namiji ne. Malaminmu ne ya tsallake wurin." Ya rage murya. "Zomon ma ba na shekarar haihuwa ba ne. A babban birnin lardi an taɓa yin wani gunki da irin waɗannan mutane suke kai wa turare a ɓoye, Zomo ake ce masa. Agwagin kuma, ke da kanki kin san toro biyu ne."

"Akwatin 'yata!"

"Na 'yata ma. Da na matar ɗana."

Abin da ya fara zuwa mini a rai ba kunya ba ce. Bazawarar nan ce mai keken ɗinki, da tafiyar da na yi har ƙauyensu cikin ruwan sama don in karɓo hotonta. Bayan ita sai maganin ciki na kwana tara. Na tsaya ina kallon hannun rigar ina neman abin da ya kamata in ji, ban same shi ba.

Jinlai ya ce abu uku ne: a cike girar, a ƙara yatsan, a janye hannun rigar ya tsaya a nasa ƙyauren. Idan ba haka ba za a kankare duka biyun kafin ranar biki, a sayo bugun inji daga birni a manna. "Ke ce babba," ya ce. "Ki yi masa magana. Ni bakina ba zai iya ba."

Na sami Shuimu a shago yana shan kunun shinkafa da dankali.

"Su wane ne a jikin ƙyaure?"

"Masu gadi."

"Girar ta wa ce?"

"Buroshi ne ya zame. Kin san hannuna, Yaya."

"Yatsan ma buroshi ne ya cinye shi?"

Ya ci gaba da shan kunu. Na nemi kalmar da zan yi tambayar da ita, sai na ga duk waɗanda na sani na zagi ne, irin waɗanda masunta suke jifan juna da su a bakin kwata. Shekara saba'in da ɗaya, ba ni da kalma ɗaya mai tsabta da zan sa a gaban ƙanena.

"Jinlai ya ce kai da Tiansong…"

"Muna shan shayi."

"Shayi kawai?"

"Wani lokaci da gyaɗa."

Saura kaɗan in kwaɗa masa ludayi. Na ce, "Za su kankare."

"Katakonsu ne."

"Ka cike gira ɗaya, ka janye hannun riga, shi ke nan. Aikin rabin yini ne."

"A'a."

"To ka je ka yi musu bayani."

"A'a."

"To me kake so?"

Ya ɗebo kunu. Amma cokalin yana ta bugun bakin kwano, ƙal-ƙal-ƙal, ya kasa kai shi baki, har ya ajiye ya ɓoye hannun a ƙarƙashin tebur. Wata bakwai ya yi a durƙushe a kan katakon nan da ido ɗaya. Ba zai iya wani ba, ko an ba shi shekara.

Daga nan na wuce wajen Luan, matar marigayin. Tana ƙofar gidanta tana ɗinkin koma, ta maƙale zaren a babban yatsan ƙafa.

"Kin je kin gani?" na tambaye ta.

"Na bi ta wajen."

"Kin gane shi?"

"Mijina ne, zan kasa gane shi? Ya ma rage masa tumbi."

"Luan, kin san da…"

"Tun ina da cikin na biyu." Ba ta ɗago ba. "Ana ruwa na kai masa laima shago, na tarar yana yanke wa ƙanenki farce. Ba abin da suke yi, farce kawai. Ni bai taɓa riƙe hannuna haka ba. Na jingine laimar a bakin ƙofa na koma gida."

"Ba ki ce komai ba?"

"In ce me? In gaya wa wa? Yana dawowa kafin a sa abinci, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, bai taɓa shigo mini a buge ba. Naki mijin fa?"

Nawa ya yi duka biyun.

"Kina so a kankare?" na ce.

"A kankare, a bari, duk ɗaya ne a wajena. Abu ɗaya nake roƙonki, Bilian, don na san bakinki. Kada a faɗa. 'Ya'yana maza uku suna da surukai a garin nan. Duk wanda ya gani ya gani, amma kada wani ya buɗe baki."

Na ce to. Ba zan ɓoye ba, na ce mata to.

Kwamiti suka yi yini suna gardama ba su daidaita ba, don ba wanda ya yarda ya ambaci abin da ake gardama a kai. Daga ƙarshe Malam Pan ya ce ƙofar Uwa ce, a tambaye ta. Da itace biyu muke tambayarta, jajaye, kamar an tsaga ƙoda, gefe ɗaya shafaffe ɗaya mai doro. Mutum ya durƙusa, ya faɗi sunansa da shekarar haihuwarsa da inda yake zaune, ya yi tambayarsa a fili, ya jefa. Ɗaya a kife ɗaya a buɗe, ta yarda, amma sai an samu haka sau uku a jere. Duka a kife, ta ƙi. Duka a buɗe suna lilo a kan doronsu, dariya take yi, wato ba ta ga abin amsawa a tambayar ba.

Da safe, saura kwana biyu, ɗakin bautar ya cika. Dattawa tara a gaba, mata a gefe da turare da kwandunan lemo, kowa ya zo jin abin da ba wanda ya gaya masa. Luan tana jikin ginshiƙi. Shuimu bai zo ba. A waje kuma mai kankara yana zaune a kan dakali da kayan aikinsa a naɗe cikin buhu.

Jinlai ya durƙusa, ya zagaya itatuwan sau uku a kan hayaƙin turare, ya faɗi sunansa. "Uwa, aikin ƙyamaren nan ya gamshe ki?" Ya jefa. Duka a buɗe, suna lilo.

Ya tsince su. "Uwa, ko akwai wani abu a jikinsu da ya ɗan saɓa wa yadda kakanni suka bari?" Dariya.

Wani tsoho mai sayar da ƙanƙara ya ce daga baya, "Hedimasta, jarrabawa kake ba ta?" Aka yi guntuwar dariya aka haɗiye.

Malam Pan ya ce, "Kana ta kewaye. Faɗi abin da ke bakinka, mutum."

Jinlai ya share wuya da hankici. "Uwa, saboda wani dalili da kin riga kin sani, a sake su?" Ya jefa. Dariya ta uku.

Malam Pan ya ce tunda ta yi dariya sau uku, magana ta dawo hannun mutane, dattawa su ɗaga hannu. Na dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Bakwai cikin tara na kankara ne.

Ba tausayi ne ya tashe ni ba, haushi ne. Namiji mai shekara saba'in, wanda ya koyar da rabin garin nan, ya durƙusa sau uku ya kasa haɗa jimla ɗaya. Na ratsa dattawa na fizge itatuwan daga hannunsa.

"Kawo nan. Tun a aji ba ka iya tambaya ba."

Na durƙusa, gwiwoyina suka yi ƙara. Na ce, "Uwa, ni ce Hong Bilian, haihuwar shekarar ɓera, gida na uku bayan tsohon rumbun gishiri. Baƙin da ke ƙofarki Zhuang Tiansong ne, farin ƙanena ne Shuimu. Sun so juna kamar miji da mata shekara arba'in, ɗaya ya mutu, ɗayan ya zana su. Kin karɓe su su yi miki gadi?"

Kwandon wata ya suɓuce, lemo ya gangara ta gabana, ba wanda ya sunkuya ya ɗauka. Na jefa. Ɗaya a kife, ɗaya a buɗe. Na tsince na sake. Ɗaya a kife, ɗaya a buɗe. A na uku, ɗaya ya faɗi a buɗe a gabana, ɗayan ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin teburin hadaya, bayan jan ƙyallen da ya sauko har ƙasa. Malam Pan ya durƙusa ya cusa kai da kafaɗa ciki. Ya daɗe a can fiye da yadda duba itace ɗaya yake buƙata. Sannan muka ji muryarsa daga ƙarƙashin tebur, "A kife. Ta karɓa."

Ba wanda ya gani sai shi. Ba wanda ya ce a ɗaga ƙyallen.

Na yi sakandare. Na san itace ne guda biyu, na san sau ɗaya cikin takwas haka zai faɗi, ko Uwa tana nan ko ba ta nan. Na kuma san abin da na faɗa a gabanta da gaban garin ban ji shi daga bakin ƙanena ba, daga gira da yatsa da yankan farce na haɗa shi. Da na miƙe na waiwaya, Luan ba ta jikin ginshiƙi. Tsinkayen turarenta suna ƙasa suna hayaƙi. Shekara huɗu ke nan ba ta sake amsa gaisuwata ba, kuma ban ga laifinta ba.

Kafin in kai shago labari ya riga ni. Na tarar ya rufe ƙofa rabi, yana zaune a kan ɗan benci yana kallon bango.

"An bar ƙyamaren," na ce.

"Na ji."

"Ba ka da abin cewa?"

"Wa ya aike ki?"

"Da yanzu mai kankara yana kan tsani."

"Da ya kankare. Da an ce tsoho ne ya ɓata aiki, a manta." Ya juyo ya dube ni da idon nan mai lafiya. "Shekara nawa ina zanawa ba wanda ya taɓa ni, mai gani ya yi shiru, marar gani ya ce ya yi kyau. Ke kin zo cikin numfashi ɗaya. Me kika ce ma? Faɗa mini yadda kika faɗa."

Na maimaita masa kalma-kalma. Ya saurara kamar mai jin labarin wani gari.

"Kamar miji da mata," ya ce.

"Ƙarya na yi?"

"Ba haka ba ne."

"Wato shayi ne kawai? Na tashi a gaban Uwa na yi wa mamaci ƙazafi?"

"Ban ce ƙazafi ba ne. Na ce ba haka ba ne."

"To kamar me ne?"

"Da na san yadda ake faɗa, Yaya, kina tsammanin zan yi wata bakwai a kan gwiwa?"

Na jira ya ƙara, bai ƙara ba. Har yau abin da na samu ke nan. Ban san ko na faɗi fiye da abin da yake ba ne, ko ƙasa da shi. Tun daga ranar ba a sake kawo masa akwatin amarya ba, ko da yake ba wadda ta yar da nata.

Ranar buɗe ido na ɗauka ba zai zo ba, har Jinlai ya fara tambaya ko akwai wani da ya iya riƙe buroshi. Sai ga shi da tsani a kafaɗa, ya sa rigarsa ta zuwa biki. Mutane suka dare, ba wanda ya gaishe shi. Aka yaye jar takarda, Malam Pan ya ɗaga madubi ya kawo hasken rana a kan fuskokin, ya ɗiga jan. Shuimu ya jingina tsani a ƙyauren dama, ya dube ni karo na farko a kwana biyu.

"Riƙe."

Na riƙe. Ya hau ya cike idanun baƙin, sosai a tsakiya, suna kallon titi kamar yadda idon mai gadi yake. Muka matsar da tsanin. Ya hau na farin, ya tsoma buroshi, ya ɗan tsaya. Da ya janye hannu sai ga ƙwayar idon duka biyu sun zame zuwa gefe, suna kallon ɗayan ƙyauren.

Jinlai ya yi sauri ya ce da ƙarfi, "Hannun Malam Shuimu ya yi rawa. Tsufa ne." Dattawa suka ce haka ne, tsufa ne, aka kunna 'yan abubuwan fashewa na biki, hayaƙi ya rufe kowa. Ni da nake riƙe da tsanin ban ji rawar komai ba. Amma hannuna ma ya tsufa, ba zan rantse ba.

Muka ɗauki tsanin tare, shi a gaba ni a baya, muka bi ta bayan rumbun gishiri. Da muka yi nisa da mutane na tambaye shi ko ya yafe mini.

"Ɗaga gefenki," ya ce. "Kina jan shi a ƙasa."